Takarda a Cikin Farin Takalminka

Tegbi,
Laraba, bayan an tashi daga makaranta.

Zuwa ga Fo Senyo,

inuwar kwakwata da tsakar rana, iskar la'asar mai tasowa daga teku ta share wa gari gumi, gishirin miyata, fitilar hasumiyar garin Woe da nake nema da ido ko da ƙafata tana kan tudu.

Ka yi haƙuri da wannan ƙarfin hali. Na san ba tarbiyya ba ce yarinya ta fara ɗaukar biro ta rubuta wa wanda ya girme ta, balle ta laɓaɓo ƙofar mahaifiyarsa ta cusa masa takarda a cikin takalmi. Shafi huɗu na yage kafin wannan. Na zaɓi takalmin ne domin na lura, tun da ka dawo hutu, shi kaɗai kake duba da idon rahama a garin nan. Idan ka ji takardar tana ƙarni, ba kuskure ba ne. Na taya mahaifiyarka, Daavi Kosiwa, juya kifi a kan banda kafin in zauna, kuma da gangan ban wanke hannu ba.

Akpene ce. Dole in faɗi sunana, tunda ranar Asabar ka nuna ya ɓace maka.

Ni ce wadda gidanmu yake bayan lambun albasar mahaifiyarka. Ni ce ka koya wa ninƙaya a tafki ina 'yar shekara tara, kana cewa, "Ki daina faɗa da ruwa, ki kwanta masa kamar tabarma." Ni ce ka riƙa ba aron littattafanka, duk gefensu da zanen kwalekwale. Shekara da shekaru ina binka a baya zuwa makaranta, taku goma tsakaninmu, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba. In ka juyo ka ce, "Akpene, kurma ce ke?" sai in sunkuyar da kai in kama tonon yashi da babban yatsa. Ba kurma ba ce. Magana ce ta cika mini baki har ta rasa ƙofar fita. Yau ta samu, kuma ka yi haƙuri, fushi ne ya buɗe mata.

Ka tuna safiyar da ka tafi kwalejin kan dutse? Ni na tuna ta fiye da ranar haihuwata. Asabar ce. Kwalekwalen Efo Gameli ya zuba taru tun da sassafe, an kawo igiya gaɓa, ana ja ana waƙa, ƙuge yana ba ƙafafu taki. Akwatinka yana jingine da gindin kwakwa, kai kuwa ka ce ba za ka tafi ba sai ka taɓa igiya, domin a gurbin marigayi mahaifinka kake tsaye, nan gaban Daavi Mansa mai baki kamar ƙaya. Rana ta fito ta kwanta a kafaɗunka, gumi da ruwan gishiri suna sheƙi a jikinka kamar ɓawon kifin da aka fito da shi yanzu. Ni ina gefe da kwano, wai jiran kason gidanmu nake yi. Ƙarya ce, kai nake kallo.

Sai motar birnin Ho ta yi oda a bakin titi, ta sake yi. Ka waiga ka rasa wanda za ka ba, idonka ya faɗa kaina.

"Zo nan, kurma," ka ce. Ka kama hannuna biyu ka ɗora a kan igiyar, ka matse su da naka. "Riƙe mini nan. Ina zuwa."

Ka ɗauki akwati ka ruga. Daavi Mansa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan sillen karan? Iska ma sai ta ja ta." Aka kwashe da dariya. Ban saki ba. Ranar tafin hannuna ya saluɓe, na kwana uku ban iya riƙe biro ba, na ce wa malamarmu ƙuna ce.

Shekara biyu ke nan da wata uku, Fo Senyo. Har yau ban saki ba.

Ka san ƙa'idar tarun Efo Gameli, ko ita ma sanyin dutse ya goge ta? Gurbin mamaci na gidansa ne, da kason kifinsa, muddin mako ba ya juyowa ba tare da wani hannu ya ja da sunan gidan ba. Gwiwoyin mahaifiyarka ba sa iya yashi, kai ma ka sani. Da wannan kason take hura bandarta, da bandar take ci, da ita ta saya maka rigar sanyi da bargo. Kana tsammani wa ke ja? Aljanu? Duk Asabar, da duk ranar hutu, 'yan ajinmu suna kitso suna bitar jarrabawa, ni ina ɗaure da tsumma a ƙugu tsakanin ƙarti, ina tafiya da baya a cikin yashi. Na koyi waƙoƙin duka. Na koyi yadda ake jingina da igiya a bar nauyin jiki ya yi aikin. Daavi Mansa da ta kira ni sillen kara, yanzu in na makara ita ce ke cewa, "Ina matar gidan Kosiwa? A jira ta." Ban taɓa amsa mata ba, amma ban taɓa hana ta ba.

Ni na roƙi mahaifiyarka kada ta faɗa maka. Na ce kada karatunka ya rabu biyu. Kwandon kifin da ake aiko maka duk ƙarshen wata, wanda ka rubuto wa Daavi Kosiwa cewa abokan ɗakinka suna wawaso a kansa, daga hannun nan ya fito. Ka dubi rubutuna, ka ga ya yi kauri ba kamar da ba? Kanta ce. Yatsuna sun manta laushi.

Ban yi don a gode mini ba. Na yi ne domin ka ce kana zuwa, ni kuma mutum ce mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta.

To ka zo. Ranar Asabar da ta wuce ka zo bakin teku da abokinka Prosper, ɗan birnin Ho, mai ɗaukar hoton komai da waya. Tun daga nesa na hango ka, zuciyata ta yi tsalle kamar ƙaramin kifi a bakin taru. Na ce a raina, yau zai karɓi igiyarsa. Na matsa har na bar maka wuri. Sai na ga farin takalmi, da safa, a kan yashin Tegbi. Na ga hankici a hancinka.

Da Turanci kuke magana, wataƙila kana zaton teku ta cinye mana kunnuwa. Ni ce ta ɗaya a Turanci a ajinmu, da littattafanka na koya.

Prosper ya ce, "Kai, wurin nan da kyau. In ni ne ba zan bar shi ba."

Ka yi dariya. "Ka kwana bakwai ka gani. Zafin nan dafa ƙwaƙwalwa yake yi. Shi ya sa shekara ɗari suna jan igiya ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ni ina gamawa sai inda ake sa kwat, ko Kanada ce."

"Wace ce waccan da ta kafe ka da ido?"

Ka dube ni. Na rantse ka dube ni sosai, ka gane ni, na ga ka gane ni. Sannan ka ce, "Wata yarinya ce a unguwarmu. Irin masu taya ja ɗin nan don a ba su na miya."

Ban yi kuka ba. Ina so ka san wannan. Hannuna biyu suna kan igiyar ubanka, ba ni da na share hawaye.

Da a nan ka tsaya, da ni kaɗai ka yi wa, da na haɗiye kamar yadda na saba. Amma Prosper ya ce yana son hoto daga ɗaya gefen, inda rana ba ta dukan waya. Maimakon ka zagaya ta bayan kwakwa kamar yadda ko yaron goye ya san ana yi, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake igiyar. Da takalmi. Taru yana cikin ruwa.

Ƙuge ya yi shiru. Waƙa ta mutu a bakin mutum arba'in lokaci ɗaya. Ba ka ji shirun ba? Ni na ji shi har cikin haƙorana. Kai kana gyara wa abokinka tsayuwa, kana cewa ya ɗauko har da kwalekwalen.

Daavi Mansa ce ta fara magana. "Ɗan wa ye wannan?"

Wani ya ce, "Ɗan marigayi ne, na gidan Kosiwa."

"A'a," ta ce. "Wancan na san shi, ƙafarsa ba ta taɓa sanin takalmi a nan ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Malam mai safa, ka dawo ka tsallake mu mu ma, ai mun fi igiyar arha."

Ka ɗaga mata hannu kamar mai korar ƙuda, kuka wuce wajen masu sayar da kwakwa. Da tarun ya fito, ya yage a ciki, abin da ya rage bai cika daro biyu ba, sauran duk leda ce da ciyawar ruwa. Gida arba'in suka koma da kwano a kife.

Ni 'yar makaranta ce, ajin ƙarshe. Na san takalmi ba ya korar kifi. Na san wataƙila wani tsohon ƙarfe ne a ƙarƙashin ruwa ya kama tarun, kuma da ya kama shi ko ka zo ko ba ka zo ba. Kada ka yi mini lacca a kan wannan. Amma na san abin da takalminka ya kora, domin ina wurin. Ya kori waƙa. Mutum arba'in ba sa jan abu ɗaya sai da waƙa, kuma ba wanda ke waƙa bayan an taka masa abin da yake ci. Igiyar nan ita ta biya maka kuɗin makarantar da ka koyo raina ta. Ba don tsoron aljanu ake zagaya ta ba. Ana zagaya ta ne kamar yadda ake zagaya tsoho in yana kwance a tabarma.

Yanzu bari in amsa maka maganar zafi, tunda a gaban baƙo ban iya ba.

Zafin nan da kake zagi, wa ya taɓa kashewa? Ka faɗa mini sunan mutum ɗaya a Tegbi da aka tsinta a ɗaki ya sandare. A nan jariri yana rarrafe tsirara daga ɗaki zuwa yashi, ba mai binsa da hula. A nan tsoho yana kai shekara casa'in da zane ɗaya a kafaɗa, rana tana gasa masa gwiwa kyauta. Ƙofarmu ba ta san sakata don sanyi ba. Wanda bai da ɗaki yana da gindin kwakwa, wanda bai da sabulu yana da teku, wanda bai da ko sidi ɗaya ya zo ya ɗora hannu a igiya, ba zai kwana da yunwa ba. Wace ƙasar kwat ce za ta yi maka wannan? A wasiƙarka ɗaya tilo, wadda ka rubuto mini a zangon farko, wadda har yanzu tana cikin littafin addu'ata, kai da kanka ka ce gajimare yana shigo muku ɗaki, wanki yana kwana uku bai bushe ba, kana kwana da safa biyu kana mafarkin yashi mai ɗumi. Ka ce ƙashinka yana kukan gida. Yaushe ya daina? Wa ya rufe masa baki?

Ka manta ƙarfe uku na rana? Lokacin da gari ya yi tsit, kaji sun buɗe baki, kwano yana ƙara a kan rufi, har mutum ya ce yau kam an gama da mu. Sai ganyen kwakwa na can sama ya motsa, shi kaɗai. Sai na kusa da shi. Sai iskar ta sauko gaba ɗaya daga teku, mai sanyi, mai ɗanɗanon gishiri, ta bi lungu lungu tana ɗaga labule, tana busar da wuyan mata a bakin murhu. Kullum take zuwa, ba ta taɓa saɓa alkawari ba, ba kamar wasu ba. Wanda bai sha zafin ƙarfe biyu ba, ina zai san daɗin ƙarfe uku?

Ka manta muna zaune ne a kan siririn yashi kamar zare, teku a dama, tafki a hagu, kowanne yana miƙo mana abinci? Teku ta ba da kifi, tafki ya ba da ƙaguwa da gishiri, tsakaninsu kuma ka tona rami kamu biyu ka sami ruwan daɗi ka shayar da albasa. Sau uku a shekara ake cire ta a yashin da baƙo zai rantse ko ƙaya ba za ta tsiro ba. Kakanninmu da zafi ya dafa wa ƙwaƙwalwa su suka gano haka, da kashin kaji da ruɓaɓɓen kifi, ba da littafi ba. Ka manta abolo, wainar masarar nan mai zafi a cikin ganye, da soyayyun ƙananan kifi da barkono, a ci a tsaye ƙafa cikin ruwa? Na ga yadda ka ci shi ranar da ka iso, ta katanga na gani. Ba ka sa hankici a hanci ba a lokacin. Har yatsa ka lashe.

Ba zan yi maka ƙarya ba, domin ban iya ba. Teku ba uwa ce mai sauƙi ba. Ta cinye ɗakin girkin kakata a wuni ɗaya, da murhu da tukwane. Ta cinye rabin tsohon garin Keta tun kafin a haife mu. Gishiri yana cin kwanon rufi, yana cin keke, yana cin ƙusa. Sauro yana da gari a bakin tafki. Kifi ma ya ragu, kowa ya sani, manyan jirage suna kwashewa can ciki. Duk na sani. Amma mu da muke zaune muna da ikon faɗa, domin da safe mu ne za mu sake kafa murhun. Kai da ka juya baya, ba ka da bakin zagi. In kana ganin shekara ɗari ana jan igiya ɗaya ba dabara, to ai don haka aka tura ka karatu. An tura ka ka dawo da dabarar ne, ba ka dawo da hankici ba.

Kai, Fo Senyo. Ruwan kwakwata na farkon safiya, tauraron da masunta ke bi su dawo gida, ta yaya ka zama haka? Ina ƙoƙarin in tsane ka tun ranar Asabar, kamar yadda nake ƙoƙarin lissafi mai wuya, in zauna in dage in maimaita. Ba ya fita. Da na kusa, sai in tuna hannunka a kan nawa a kan igiya, sai komai ya rushe kamar gidan yashin da raƙumin ruwa ya taɓa. Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake fushi da kai. Ka raina ni a gaban baƙo, ka bar ni kuma ba ni da ikon daina sonka. To na faɗa. Ina sonka. Ban so in faɗe shi cikin wannan hali ba, na tanade shi shekara da shekaru don wata rana mai kyau, kai ka ɓata ranar.

Ga abin da ba ka sani ba, domin kana yawon nuna wa abokinka hasumiya.

Ran Litinin Efo Gameli ya zo gidanku da kansa. Ina tsugune a bakin banda. Ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ya ce wa mahaifiyarka, "Kosiwa, mijinki abokina ne, tare muka sha ruwan teku sau biyu. Amma mutanena sun ce ba za su ja da sunan gidan da ya taka su ba. Yaron ya zo Asabar mai zuwa, ƙafa ba takalmi, ya tsallako igiyar da baya ta inda ya tsallaka, ya ɗebi ruwan teku da hannu ya zuba mata, ya kama ya ja har taru ya fito. Shi ke nan, an wanke. In bai zo ba, gurbin ya tashi daga gidan nan."

Daavi Kosiwa ta sunkuya kan banda. Ta ci gaba da juya kifi, ɗaya ya ƙone a hannunta ba ta ji ba.

Ni da ban taɓa yi wa babba magana ba a tambaye ni ba, sai na ji bakina yana cewa, "Efo, ni zan yi masa. Ni zan tsallako."

Ya dube ni, har ya ɗan yi murmushi. "'Yata, kin ja mana shekara biyu, ba mu ce komai ba, domin hannu ana aronsa. Ƙafa ba a aronta. Wadda ta tsallaka ita ke komawa."

Ka ji. Na kai iyakar abin da zan iya yi maka. Da ana aron ƙafa, da ba ka ga wannan takarda ba, da ka koma dutsenka ba ka san an yi ba, kamar yadda ba ka san sauran ba.

Mahaifiyarka ba za ta faɗa maka ba. Na san ta. Da Efo ya fita ta ce mini, "Bar shi, Akpene. Ya zama malami, kada a sa shi tafiya da baya a gaban masunta. Zan sayi kifi a hannun 'yan sari." Da me za ta saya, ban tambaye ta ba. Jiya na same ta tana goge maka wannan takalmin da tsumma da farin alli, tana zaune a ƙasa, gwiwoyinta a kumbure. A nan ne na yanke shawarar rubutu. Kuma na ji ka ce wa Prosper motar Juma'a da safe za ku bi.

Kwana biyu nake roƙo. Ba don ni ba, ni na riga na ji matsayina, mai taya ja don a ba ta na miya. Ka bar abokinka ya bi motar Juma'a, ko ya tsaya ya ɗauki hoto in yana so, shi ma ya ga yadda ɗan Tegbi yake gyara abin da ya ɓata. Za a yi maka dariya, ba zan ɓoye maka ba. Daavi Mansa ta riga ta fara haɗa maka waƙa, na ji tana gwada ta, akwai safa a ciki. Hannunka zai saluɓe, domin ya yi laushi da alli. Yashi zai ƙone maka tafin ƙafa kafin hantsi. Za ka sha kunya ta sa'a uku. Ni na sha ta mako ɗari da goma sha bakwai, ban mutu ba. Bayan nan za a raba kifi, a kira sunan ubanka kamar yadda aka saba, Efo Gameli ya fasa maka kwakwa, iskar ƙarfe uku ta zo ta same ka a cikin mutanenka. Sannan ka tafi ran Lahadi. Ka tafi Kanada ma in ka ga dama, ka sa kwat goma. Ban ce kada ka ga duniya ba. Na ce kada ka fita ta kan igiya.

Ni dai ba inda za ni. In na ci jarrabawa zan je in karanto ilimin ruwa da kifi, in dawo nan, in tsufa a nan da zane ɗaya a kafaɗa. Zuciyata kuwa, tun ranar da ka ɗora hannuna a igiya ta zaɓi wurin tsayawarta, ba ta shawarce ni ba, kuma ba irin mai canja wuri ba ce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, ba wani zan so ba, har teku ta gama cinye yashin nan ta haɗe da tafki. Wannan ba kyauta ba ce nake ba ka, don ba ka cancanta ba a wannan makon. Haka kawai aka halicce ni. Amma ka sani, in motar Juma'a ta tafi da kai, ran Asabar zan je in tsaya in ji an cire sunan mahaifinka, in kwance tsummana daga ƙugu, in dawo in faɗa wa mahaifiyarka da bakina. Daga nan zan ci gaba da sonka ba tare da na sake yi maka magana ba. Na iya shiru, kai shaida ne.

Ran Asabar zan kasance a gaban Daavi Mansa tun kafin kwalekwale ya juyo. Zan bar wurin hannu biyu a kan igiyar, daidai inda ka bar nawa.

Ka gafarta mini tsawon takardar, da kaifin wasu kalmomin. Na karanta ta daga farko, na nemi wadda zan goge, ban samu ba. Akwai sauran magana, masu taushi, waɗanda fushi ya tare wa hanya yau. Ina neman izininka in sake rubuto maka su. Ba sai ka ba ni amsa da baki ba, na san in ka tsaya a gabana zan koma kurma. In ka yarda, ka bar takalman nan biyu a ƙofar Daavi Kosiwa ran Asabar da safe. Zan biyo ta nan kafin in sauka bakin ruwa. In na same su, a ciki zan sa takarda ta biyun.

Taka, mai riƙe maka igiya,
Akpene